Wa ya rushe Ebbets Field? Fashin baƙi kan filin wasan da aka mayar gidajen haya

Ta yaya za a rushe filin wasan ƙungiyar da ke cin kofi, take kuma kawo wa mai ita riba? Tambayar ta sake tasowa a Amurka a ƙarshen kakar wasa ta 2024, lokacin da ƙungiyar besbol ta Athletics ta tattara kayanta ta bar birnin Oakland, inda take tun 1968, da niyyar komawa Las Vegas. Kusan duk wanda ya yi sharhi a kan wannan ƙaura sai da ya ambaci Brooklyn da ke New York da filinta Ebbets Field, gidan ƙungiyar Dodgers, wanda aka rushe a 1960. Sai dai yawanci ana ba da labarin a gurguje ne ta ɗayan hanyoyi biyu. Wasu su ce filin ya tsufa, 'yan kallo suka guje shi. Wasu su ce wani attajiri ne mai haɗama ya sace wa talakawa ƙungiyarsu. Kowanne yana da ƙanshin gaskiya, amma jigon maganar rigimar ƙasa ce: filin wa hukuma za ta karɓe, kuma wa za ta ba?

Ƙungiya dukiyar mai ita ce, ba ta gari ba

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowacce da mutum 9 a fili. Ɗan wasa yana jefo ƙaramar ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu don ya ci maki. A wancan zamanin kowace ƙungiya tana buga wasa 154 a kaka ɗaya, 77 a gida. Ke nan filin wasa wuri ne da mutum zai iya leƙawa kusan kullum a lokacin zafi, bayan ya taso daga aiki.

Abin da mai bin ƙwallon ƙafar Turai ya kamata ya fahimta shi ne tsarin ya sha bamban. Babu faɗawa rukuni na ƙasa, babu hawowa. Adadin ƙungiyoyi a ƙayyade yake, a lokacin 16 ne, kuma masu su ne ke yanke wa zai shigo da inda zai zauna. Idan gari ya rasa ƙungiyarsa, ba zai kafa wata ta faro daga ƙasa ta hauro ba, kamar yadda magoya bayan Wimbledon suka yi a Ingila bayan an kwashe musu ƙungiya zuwa Milton Keynes. Ƙari a kan haka, tun 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya keɓe besbol daga dokar hana babakere a kasuwanci. Daga 1903 zuwa 1953 babu ƙungiyar da ta sauya gari, har mutane suka ɗauka ƙungiya da garinta kamar jini da tsoka ne, alhali a takarda babu abin da ya ɗaure su.

Yadda aka gina shi

Brooklyn birni ne mai zaman kansa har zuwa 1898, lokacin da aka haɗe shi cikin New York. Mutanensa, galibi ma'aikata da 'ya'yan baƙin haure daga Italiya, Ireland da Yahudawan gabashin Turai, sun daɗe suna jin ana yi musu kallon 'yan bayan gari. Ƙungiyar Dodgers ce abin da ya rage mai ɗauke da sunan Brooklyn a duk faɗin ƙasar.

Charles Ebbets ya fara aiki da ƙungiyar yana sayar da tikiti, ya yi ta hawa har ya mallake ta. Daga 1908 ya shiga sayen ƙananan filaye a ɓoye a wata unguwa da ake kira Pigtown, wurin bukkoki da juji inda aladu ke kiwo, don kada masu filayen su gane su tsauwala farashi. Ginin ya ci dala 750,000, kuɗin da suka fi ƙarfinsa, har ya sayar da rabin ƙungiyar ga wasu 'yan kwangila biyu, wa da ƙane, 'yan gidan McKeever. An buɗe filin a watan Afrilun 1913.

Zauren shigarsa zagayayye ne, an yi masa daɓen marmara daga Italiya, fitilar da ke rataye a tsakiya kuma hannayenta siffar sandunan wasan ne, ƙwayayenta siffar ƙwallo. Amma abin da ya fi muhimmanci ga abin da zai faru daga baya shi ne inda aka dasa shi. Tituna huɗu ne suka kewaye shi: Bedford, Sullivan, Montgomery da wanda aka sa wa sunan McKeever. Ba shi da inda zai faɗaɗa. Ko bayan ƙarin kujeru, bai wuce mutum kusan 32,000 ba. An gina shi ne don mai zuwa a ƙafa ko a jirgin ƙasa na cikin gari.

Abin da ya sa ake kukansa har yau

Ƙanƙantar ce ta zame masa farin jini. 'Yan kallo suna kusa da 'yan wasa har ana jin maganar juna. Katangar gefen dama kusan mita 90 ce kawai daga mai bugu, idan ƙwallo ta tsallake ta sai ta faɗa titin Bedford, yara su bi ta da gudu. A ƙasan allon maki akwai tallar wani mai sayar da tufafi, Abe Stark, wanda ya yi alkawarin kwat kyauta ga duk ɗan wasan da ƙwallonsa ta daki allon tallar. Sunansa ya yi tashe har ya shiga siyasa ya shugabanci gundumar Brooklyn. Wata mata mai suna Hilda Chester tana zuwa da ƙararrawar da ake rataya wa shanu tana kaɗawa. 'Yan wasa da dama a unguwannin Brooklyn suke haya, ana haɗuwa da su a kanti. A wannan fili aka fara nuna wasan babbar gasar besbol a talabijin, ranar 26 ga Agustan 1939.

Duk da haka, ranar da ta sa filin cikin tarihin Amurka ita ce 15 ga Afrilun 1947. Fiye da shekara 60 babu baƙin mutum a babbar gasar. Ba wata doka rubutacciya ba ce, yarjejeniya ce ta fatar baki tsakanin masu ƙungiyoyi, sai baƙaƙe suka kafa tasu gasar. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya ɗauki Jackie Robinson a 1945, ya tura shi Montreal shekara guda, da sharaɗin cewa ko an zage shi ko an ƙuntata masa ba zai rama ba. A wannan rana Robinson ya fito sanye da lamba 42 a gaban mutum 26,623, kuma an ƙiyasta fiye da rabinsu baƙaƙe ne. Ya sha zagi daga bencin abokan hamayya, an aiko masa wasiƙun barazanar kisa, wasu otal-otal sun hana shi kwana tare da abokan wasansa. Wannan ya faru shekara 7 kafin kotu ta haramta raba makarantu bisa launin fata. A 1997 aka jingine lamba 42 a duk ƙungiyoyin gasar don girmama shi. A ganina wannan kaɗai ya isa a ce ginin bai cancanci guduma ba.

Ƙungiyar kuma ba kanwar lasa ba ce. Ta kai wasan ƙarshe na World Series a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953, kowane karo maƙwabtanta Yankees suka doke ta, har “sai baɗi” ta zama taken magoya baya. A 1955 ta ɗauki kofin. Shekara biyu kacal bayan haka ta bar garin.

Me ya sa filin ya yi wa mai shi kaɗan?

A 1950 wani lauya, Walter O'Malley, ya sayi kason Rickey ya zama mai faɗa a ji. Abin da ya gani ba ƙarya ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dubban iyalai farar fata sun bar Brooklyn zuwa sabbin unguwannin bayan gari a Long Island, inda ba a rayuwa sai da mota. Wurin ajiye motoci a Ebbets Field bai wuce na mota 700 ba. 'Yan kallo da suka kai miliyan 1.8 a 1947 sun sauko zuwa miliyan ɗaya da ɗoriya a 1955, shekarar da aka ci kofi. Talabijin ma ta zaunar da wasu a gida. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: baƙaƙe da 'yan Puerto Rico ne ke maye gurbin masu tashi a unguwannin da ke kewaye, kuma masana tarihi da dama suna ganin wannan na cikin abin da ya sa wasu fararen suka daina zuwa.

Sai ga Milwaukee. A 1953 ƙungiyar Braves ta bar Boston ta koma can, inda hukumar yankin ta gina fili da kuɗin jama'a, da makeken wurin ajiye motoci. Shekarar farko ta tara mutum miliyan 1.8, daga baya ta riƙa haura miliyan 2. O'Malley ya duba ya ga ƙaramin gari yana tara ninkin abin da yake tarawa.

A nan ne ake yawan kuskure. Dodgers ba asara take yi ba. Alƙaluman da aka gabatar wa majalisar dokokin Amurka a 1957 sun nuna tana sahun gaba wajen riba, saboda kuɗin talabijin da rediyo. Damuwar O'Malley ita ce ribar gobe, da kuma ribar da yake hangen zai iya samu a wani wuri.

O'Malley da Moses

Shawararsa ta farko ba barin Brooklyn ba ce. Ya so gina sabon fili mai rufin ƙubba a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush, kusa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Long Island, inda layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa suka haɗu. Ya ce da kuɗinsa zai yi ginin. Abin da ya nema a wurin hukuma shi ne ta yi amfani da ikonta na karɓe filin mutane don amfanin jama'a ta biya diyya, irin ikon da dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna a Najeriya, ta tashi kasuwar nama da sauran gine-ginen da ke wurin, sannan ta sayar masa da filin a farashin da zai iya.

Wanda ke riƙe da wannan iko shi ne Robert Moses. Bai taɓa cin zaɓe ba, amma ya haɗa muƙaman kula da wuraren shaƙatawa, gadoji, manyan tituna da rusau, har magadan gari ke shakkarsa. A 1955 ya ƙi. Hujjarsa ita ce dokar gidaje ta 1949 an yi ta ne don kawar da unguwannin da suka lalace, filin wasan ɗan kasuwa kuma ba amfanin jama'a ba ne. Ya yi tayin wani fili a Flushing Meadows da ke gundumar Queens, wanda birni zai gina ya ba ƙungiyar haya. O'Malley ya ƙi, domin Queens ba Brooklyn ba ce, kuma shi mallaka yake so.

Daga nan ya fara matsa lamba. A 1956 ya kai wasanni 7 na gida zuwa Jersey City. A watan Oktoban shekarar ya sayar da Ebbets Field ga wani dillalin gidaje, Marvin Kratter, kan dala miliyan 3, ya koma ɗan haya a ciki. Duk mai neman ranar da aka yanke wa filin hukunci, wannan ce, domin Kratter gidaje yake ginawa. A farkon 1957 O'Malley ya sayi wata ƙaramar ƙungiya da filinta a Los Angeles. A watan Mayu masu ƙungiyoyi suka amince Dodgers da Giants, wata ƙungiyar New York, su koma California tare, Giants zuwa San Francisco. Ranar 24 ga Satumban 1957 aka buga wasan ƙarshe, Dodgers ta ci Pittsburgh 2 da nema, a gaban mutum 6,702 kawai. Masu cewa 'yan kallo ne suka guje wa ƙungiyar suna son kafa hujja da wannan adadi, suna manta cewa kowa ya riga ya san an gama magana.

Waɗanda aka tasa a ɗaya gefen

Rabin labarin da ba a cika bayarwa ba yana Los Angeles. Birnin ya ba O'Malley kusan eka 300 a wani kwari mai suna Chavez Ravine, dab da tsakiyar gari, a musayar ƙaramin filin da ya saya, da alkawarin kashe dala miliyan 2 wajen gyara ƙasar.

Wannan kwari ba daji ba ne. Unguwanni uku ne, Palo Verde, La Loma da Bishop, na Amurkawa 'yan asalin Mexico, da makarantarsu da cocinsu da lambunansu. A 1950 hukuma ta rubuta musu cewa za ta karɓi gidajensu don gina gidajen gwamnati masu rahusa, kuma su ne za a fara ba. Yawancinsu suka sayar suka tashi. A 1953 sabon magajin gari, Norris Poulson, wanda ya yi yaƙin zaɓe da cewa gidajen gwamnati gurguzu ne, ya soke shirin. Mutane sun rasa gidajensu, ba a gina sababbin ba. Wannan filin ne aka miƙa wa Dodgers, kuma masu zaɓe suka amince da ƙyar a ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 1958.

Ranar 8 ga Mayun 1959 jami'an tsaro suka zo fitar da iyalan Arechiga, cikin 'yan kaɗan da suka ƙi tashi. Kyamarorin talabijin sun ɗauki jami'ai sun tallabo 'yarsu Aurora Vargas ta hannuwa da ƙafafu suna saukowa da ita daga matakala, katafila kuma ta bi gidan ta baje. Ba O'Malley ne ya fara tashin waɗannan mutane ba, amma shi ya ci gajiyar. Filin Dodger Stadium ya buɗe a 1962, mai kujeru 56,000 da wurin ajiye mota 16,000, kuma a shekarar mutum fiye da miliyan 2.7 suka shiga kallo. Ta fuskar kasuwanci lissafinsa ya fita.

Ranar rushewa

An fara rushe Ebbets Field ranar 23 ga Fabrairun 1960. An yi wa dunƙulen ƙarfen da ake dukan gini da shi farin fenti da jan ɗinki, ya zama kamar ƙwallon besbol. Mutanen da suka halarta ba su fi 200 ba. Cikinsu akwai Roy Campanella, tsohon mai kama ƙwallo na Dodgers, ɗaya daga baƙaƙen farko da suka bi sahun Robinson, yana kan keken guragu saboda hatsarin mota da ya shanye masa jiki a 1958. Aka ba shi tulun ƙasa da aka ɗebo daga inda yake durƙusawa a lokacin wasa. Daga baya aka yi gwanjon kujeru da sauran tarkace. Da wannan dunƙulen ƙarfe aka rushe Polo Grounds, tsohon filin Giants, a 1964.

A lokacin New York ba ta da dokar kare gine-ginen tarihi, sai a 1965 aka kafa ta. A 1962 aka buɗe dogayen gidajen haya a wurin, kusan gida 1,300, kuma yawancin mazaunansu a yau baƙaƙe ne masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ma abin lura ne, domin ƙasar ba ta tafi a banza ba. Daga manyan filayen da aka gina a wancan zamani, biyu ne kawai ake buga gasar a cikinsu har yanzu, Fenway Park na Boston da Wrigley Field na Chicago, kuma tsufan nasu da ƙanƙantarsu su ne ke jawo musu kuɗi.

To laifin wa?

Shekaru da dama mutanen Brooklyn ba su da wanda suka tsana kamar O'Malley. Daga baya wasu marubuta suka juya akalar zargin zuwa Moses: da ya ba da filin Atlantic, da Dodgers na nan. Masu kare Moses kuma suna cewa daidai ya yi da ya ƙi tashin 'yan kasuwa da mazauna don amfanin attajiri ɗaya.

Ni dai ban yarda a wanke ɗayansu ba. O'Malley yana samun riba, ya sayar da filin tun ana tsakiyar tattaunawa, kuma tayin eka 300 abu ne da New York ba za ta taɓa iya yi ba. Moses kuwa ƙa'idar da ya kafa mai kyau ce, sai dai shi ne ya tashi dubun-dubatar mutane don manyan titunansa, ya kuma yi amfani da wannan doka ta 1949 wajen ayyukan da 'yan kasuwa suka amfana. Ya ƙi ne saboda ya riga ya zaɓi Queens. Abin da ya fi damuna shi ne a duk tsawon wannan ja-in-ja, mutumin da ya shekara 40 yana sayen tikiti ba shi da kujera a teburin. Ba shi da hannun jari, ba shi da ƙuri'a, kuma ba shi da kotun da zai kai ƙara.

Abin da ya bar wa mai biyan haraji

Darasin da magadan garin Amurka suka ɗauka shi ne kada a ce a zamaninsu ƙungiya ta tafi. Masu ƙungiyoyi ma suka gane barazanar ƙaura kaɗai tana buɗe baitulmali. New York da kanta ta gina Shea Stadium a 1964, a daidai wurin da Moses ya so, don sabuwar ƙungiyar Mets. O'Malley fili kawai ya nema, amma waɗanda suka biyo baya har kuɗin gini suke nema. A 2022 jihar New York da wata ƙaramar hukuma sun ware dala miliyan 850 don sabon filin Buffalo Bills, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Ana kare irin wannan da cewa zai kawo ayyuka da ciniki, amma mafi yawan masana tattalin arzikin da suka yi nazari sun ce ba ya mayar da kuɗinsa. Kuɗin da iyali suka kashe a filin wasa, da ma za su kashe shi ne a wani wuri cikin garin, ayyukan kuma galibi na wucin gadi ne masu ƙaramin albashi.

Kewar tsohon filin ma ta zama haja. Da Mets ta buɗe Citi Field a 2009, an kwaikwayi fuskar Ebbets Field, aka sa wa zauren shiga sunan Jackie Robinson. A 2012 kuma aka buɗe Barclays Center, gidan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Nets, a mahaɗar Atlantic da Flatbush, dab da inda aka hana O'Malley. A wannan karon jihar ta yi amfani da ikon karɓe fili, mazauna suka kai ƙara, babbar kotun jihar ta goyi bayan hukuma a 2009. An shawo kan jama'a da alkawarin gidaje 2,250 masu rahusa a kewayen ginin. An kammala zauren wasan, amma wa'adin gidajen ya cika a watan Mayun 2025 da ɗaruruwa daga cikinsu ba a ko fara ginawa ba.